Taurarin da ke jikin firiji: abin da shagona ya koya mini a Kumasi

Shagon kayan wuta gare ni a Kumasi, ba nisa da Aboabo. Wurin kawuna na gaje shi, kuma a zamaninsa ƙwan fitila mai zare ne ke riƙe da shago: wat 60, wat 100, a saya yau, ya ƙone wata mai zuwa, a dawo. A kan idona wannan ciniki ya mutu. A 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya aka shiga karɓa-karɓar wuta, gwamnatin Ghana ta raba ƙwayayen fitila masu tsimin wuta har miliyan 6 kyauta, tana karɓe tsofaffin. A 2008 aka yi dokar hana shigo da mai zaren da sayar da shi, aka haɗa da gwanjon firiji da na iyakwandishan, ko da yake ta gwanjon firiji ba ta fara cizo sosai ba sai 2013.

Da na fara ajiye firiji a shago, dole na zauna na koyi karanta takardar nan mai ruwan ɗorawa da baƙaƙen taurari, wadda Hukumar Makamashi ta wajabta a manna a jikin kaya. Tun 2005 take kan iyakwandishan da ƙwayayen tsimi, firiji kuwa ya shigo ciki a 2009. Mai shigo da kaya ne ke kai wa hukumar sakamakon gwaji kafin kayansa su baro tashar Tema, amma idan masu dubawa suka zagayo kasuwa, a shagonka za a tarar da kayan, kai za ka yi bayani.

Shi ya sa ba na karɓar firiji sai na leƙa bayansa. Wani dila ya taɓa kawo mini kaya da araha mai ban mamaki, kowanne da taurari biyar reras. Na gwada lambar samfurin da ke kan takardar da wadda ke kan farantin baya, sai ga su hannun riga. Ya ce, "Haba Alhaji, wa zai duba?" Na ce masa ai ga shi na duba. Hukumar tana da jerin samfuran da ta amince da su, kuma lambarsa ba ta ciki. Ya kwashe kayansa.

Inda na fi shan magana shi ne wurin masu saye. Kowa ya ji a rediyo cewa yawan taurari shi ne tsimi, kuma gaskiya ne, sai dai taurarin suna auna firiji ne da sa'o'insa a girma da iri. Ƙaton firiji mai ƙofa biyu da taurari huɗu yana iya fin ƙarami mai taurari biyu cin wuta. Abin da ke cinye kuɗin katin mita shi ne adadin da aka rubuta a ƙasa, wato yunit nawa zai sha a shekara. Wata hajiya mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta nace sai mai taurari da yawa. Na ce, "Hajiya, bari mu yi lissafi tukuna." Muka raba adadin babban firiji da na ƙarami, kowanne gida 12, muka buga da kuɗin yunit ɗin da take biya, ta ga na wata-wata da idonta. Babban ta ɗauka duk da haka, don sana'arta na buƙatarsa, amma ta san abin da za ta riƙa zuba wa mita. Akwai kuma harafin yanayi, ST ko T, da kusan kowa ke tsallakewa. Mai T an gina shi ya jure zafi har digiri 43, don haka shi nake ba wa mai kai kaya Tamale ko Bawku, can arewacin Ghana inda zafi ya fi yawa.

A ƙwan fitila kuwa, mutane sun saba tambayar wat, alhali wat cin wuta yake nunawa. Hasken yana wurin lumen, wato ma'aunin yawan haske. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, kuma ƙwan zamani na LED mai wat 9 yana ba da kwatankwacin haka. A kunna su awa biyar kullum na wata guda, tsohon ya sha yunit 9, sabon bai kai ɗaya da rabi ba. Kwalin da aka rubuta masa wat da manyan baƙaƙe, babu lumen ko an ɓoye shi a lungu, ba ya hawa kantata.

Ba zan ce dokar ba ta taɓa talaka ba. Wanda a da yake samun gwanjo da kuɗi kaɗan, yanzu sai ya yi adashe kafin ya mallaki sabo, kuma lissafin tsimin shekara ba ya sanyaya wa mai aljihu wayam rai. Amma na ga gidajen haya da ake faɗa kan mita ɗaya saboda tsohon firijin mutum guda da injinsa ba ya hutawa.

A 2022 an ƙara sababbin dokoki da suka shafi talabijin, fanka, butar lantarki, tukunyar dafa shinkafa da sauransu. Yaran shagona yanzu ba sa sauke kwali daga mota sai sun ga takardar kuma lamba ta dace da lamba. Wanda bai dace ba, a motar yake komawa.