Tsiren kankana a fatin 'yan aji uku

Ana turo saƙo a zauren iyaye na WhatsApp cewa kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa don fatin ƙarshen zango, kafin in gama karantawa har an fara rige-rige. Wannan ta ce katan biyu na lemon kwalba, waccan cincin, wata donat, wata alewa leda guda. Ni dai na yi gum.

Dalili kuwa, wata guda kenan da sallamo Baba daga asibiti kan hawan jini. Likita ya tara mu ya ce gishiri, dunƙule, mai da sukari, duk a ja musu burki. Tun daga ranar na kamu da ciwon karanta bayan kwalba. Robar lemo mai 50cl, irin wadda yaro ke ɗaga kai ya shanye a tsaye, sukarin cikinta ya haura gram 50, wajen cokalin shayi 13. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi abin da ya fi, kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kamar cokali 6 a wuni, ga babban mutum ma kenan.

Da na ce wa autata kayan marmari zan kai, sai ta ɓata fuska. "Mama, don Allah kar ki kunyata ni a gaban ƙawayena." Ban ga laifinta ba. Wa ke zuwa fati don a miƙa masa ɓarin gwanda kamar mai jinya?

Ana gobe fati na shiga kasuwar 'Yan Lemo a Na'ibawa, na sayo kankana biyu, abarba uku, gwanda da ayaba. A hanyar dawowa na tsaya wajen mai tsiren bakin layinmu na roƙi tsinke, ya ba ni dami guda yana dariya, ya ɗauka sana'a zan ƙwace masa. Na wanke su, na datse tsinin kowanne da almakashi, don yaro da tsinke mai kaifi sai dai Allah ya kiyaye. Da asuba na yayyanka komai ƙanana, daidai loma, na jera: ja, ɗorawa, ruwan lemo, fari, a sake ja. Ayabar na shafa mata ruwan lemon tsami don kada ta yi baƙi. Autar da jiya take kumbure-kumbure, sai ga ta ta tsuguna tana jerawa, biyu a tsinke, ɗaya a baki.

Zoɓon ma ban zuba masa sukari ba. Na dafa shi da ɓawon abarbar da 'yar citta da kanumfari, na jiƙa dabino na markaɗa na tace a ciki. Dabino ma zaƙi ne, ban yaudari kaina ba, shi ya sa ban cika hannu ba. Na ƙulla a ƙananan ledoji na jefa firiza, ya zama ƙanƙara. Sai alale a 'yan gwangwanayen madara, da kifi a ciki, daddawa kaɗan a madadin tulin dunƙule. Wake ne da kifi, turarawa aka yi, bai ga kaskon suya ba, balle man da aka soya abu sau biyar a cikinsa har ya koma baƙi. Gugguru kuma a tukunya na fasa da cokali ɗaya na mai da ɗan gishiri a yatsa.

Gyaɗa na so in haɗa, don man cikinta na da kyau ga zuciya, amma na fara tambayar Anti, malamar ajinsu. Ta ce akwai yaro ɗaya da jikinsa ba ya karɓarta, kuma 'yan nazare kan leƙo ajin, ƙananan yara kuwa gyaɗa da gugguru kan iya sarƙe su. Na bar gyaɗar a gida, guggurun kuma ta ce ita za ta raba da hannunta.

Inda na sha ƙasa shi ne karas da kokwamba. Na yanka su dogaye, na shirya a faranti har da ado. Ko kallon arziki ba su samu ba.

Lemon kwalba an sha, autata ma ta sha, harshenta ya tona mata asiri. Ban yi faɗa ba, rana ɗaya ce. Amma kular tsiren ta dawo ba ko guda, sai tsinke, kuma wai har an so a yi dambe kan ƙanƙarar zoɓo ta ƙarshe. Da yamma uwaye biyu suka kira ni suna tambayar cokali nawa na sukari na sa. Karas ɗin kuwa, shi na yayyanka a dafa-dukan dare, auta ta cinye ba ta ma lura ba.