Ƙarin garantin da muka saya, da kuma shayin Hajiya

Shekarar da aka ɗora mini kula da kwamfutocin ofishinmu a Kano, aikin farko da ya faɗo hannuna shi ne sayo laftof goma sha biyu don ma'aikatan da ke fita ƙauyuka tattara bayanai. Dillalin ya ce kowace tana da garantin shekara ɗaya daga kamfani, amma in muka ɗora wani abu a kan kuɗin za a mayar da shi shekara uku. Na shiga wajen Oga ina ta zumuɗi. "Ranka ya daɗe, gara mu biya yanzu mu huta." Ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ka sani, kai ne injiniya." Ya sa hannu. Takardar sharuɗɗan kuwa ko buɗe ta ban yi ba, cinikin biri a sama na yi da kuɗin ofis.

Ba a yi wata biyar ba Hajiya mai kula da lissafi ta ture kofin shayi a kan ɗaya daga cikinsu. Na ce mata kada ta damu, muna da garanti har na shekara uku. Da na kira wakilin kamfanin, tambayarsa ɗaya ce: ruwa ya taɓa ta? Na ce e. Ya ce to babu ruwansu.

A daren nan na zauna na karanta takardar. Ashe garanti alkawari ne a kan lahanin da na'ura ta fito da shi daga masana'anta, kuma ƙarin da muka saya kwanaki kawai ya ƙara wa alkawarin, bai faɗaɗa shi ba. Zubewar ruwa, faɗuwa, fashewar sikirin, wutar da aka kawo da ƙarfi, sata, duk an jera su cikin abin da ba a ɗauka. Kariya daga irin wannan tsautsayi wata haja ce daban mai kuɗinta. Ko AppleCare+ na kamfanin Apple, da ya haɗa da kariyar faɗuwa da zubewar ruwa, sai ka biya wani kaso duk lokacin da ka kai irin wannan gyaran.

To mene ne ke kashe laftof a wajenmu in ba waɗannan ba? Wata rana ana sauyawa daga janareta zuwa wutar gari, caja biyu da bod ɗaya, wato babban allon da kayan cikin laftof ke kai, suka ƙone. Ƙurar hunturu ta toshe fankoki. Zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40, ya kumbura batura biyu a shekara ta biyu, sai na tarar garantin batir shekara ɗaya ne tak ko ka tsawaita na sauran jiki, don ana lissafa shi cikin kayan da ke ƙarewa da amfani, kamar tayar mota.

Sau ɗaya garantin ya yi mana rana, kada in ci hakkinsa. Wani sikirin ya fara fitar da layuka haka kawai, aka canza shi ba ko kwabo. Sai dai sai da muka aika laftof ɗin Legas, ta yi makonni, ma'aikacin yana ta aron na abokan aiki. Da a kasuwa ne, mai gyara zai sa sabon sikirin kafin la'asar.

Daga baya wani tsohon mai gyara ya fahimtar da ni abin da ya sa 'yan kasuwa ke son sayar da wannan ƙari. Ya ce, "Yaro, na'urar da aka haifa da ciwo tun tana jaririya take nunawa." Lahanin masana'anta yawanci a watannin farko yake bayyana, lokacin da garantin kyauta ke aiki. Tsufa kuma sai can gaba yake zuwa, bayan ƙarin ya ƙare. Shekarun tsakiya, waɗanda na'ura ta fi zama lafiya, su ake sayar maka.

Akwai kuma batun inda aka sayo ta. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye garantin shekara biyu daga mai sayarwa, a Ingila kuwa dokar kare masu saye ta 2015 ta ba mutum damar neman hakkinsa har shekara shida idan lahanin na asali ne. Amma laftof ɗin da ɗan'uwa ya taho maka da ita a jaka, sau da yawa garantinta yana can ƙasar da aka saye ta. Dell da HP da Lenovo duk suna da shafi a intanet inda za ka sa lambar da ke ƙasan na'urar ka ga ranar da garantinta ya fara da ranar ƙarewarsa. Da wannan nake gane shekarun tokumbo idan mai shago ya rantse mini cewa "kusan sabuwa ce".

Da aka zo sayayya ta biyu, na ce wa Oga a wannan karon ba na son ƙarin garanti. Na roƙi a ba ni kuɗin in sayi na'urar tare ƙarfin wuta ga kowane teburi, jakunkuna masu soso, ma'ajiyar kwafin bayanai, da laftof ɗaya ta ko-ta-kwana. Guda ɗaya na ware: ta mai haɗa mana bidiyo, mai tsada, irin wadda ma'adanar bayananta ke liƙe da bod kamar MacBook na 'yan shekarun nan, inda ƙaramar matsala kan jawo canza bod gaba ɗaya. Ita na saya mata, har da kariyar tsautsayi, bayan na sa dillalin ya rubuta mini garin da ake gyaran da wanda zai biya kuɗin aikawa.

Oga ya karanta takardar har ƙarshe, ya sake leƙo ni ta saman tabarau. "Wannan karon ka karanta sharuɗɗan?"

"Har sau biyu, ranka ya daɗe."

Hajiya na jin mu daga teburinta, ta ɗauke kofinta ta mayar da shi bakin taga.