Ranar da na kai surukina gidan tarihi a Landan

Wata uku ke nan, amma har yau in na tuna ɗaki na 23 sai gumi ya karyo min. Kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, ni na jawo wa kaina.

Baba ya zo Landan duba lafiyarsa. Likita ya sallame shi saura kwana biyu jirginsa ya tashi, na ga bai dace ya koma gida bai ga komai ba sai asibiti da falonmu. Mutum ne mai doki, ya shekara arba'in yana hawan sallah, ni kuma na taɓa ganin hoton dawakan da Girkawa suka sassaƙa, waɗanda ke British Museum. Shiga kyauta ce. Na buɗe taswira a waya, na ga suna ɗaki na 18, na ce shi ke nan. Ban tsaya na tambayi kaina me ke tsakanin ƙofar shiga da ɗakin ba. Bayan haka kuma na ɗauko maman yara, 'yar cikinsa, wai mu raka shi tare.

Ɓangaren Masar lafiya lau. Muka wuce gunkin kai da ƙirjin Fir'auna Ramses na Biyu mai nauyin sama da tan bakwai, muka ratsa ta kayan Assuriyawa. Muna sa ƙafa a ɗaki na 23 sai ga mace a tsakiyar hanya, kan dakali, a tsugune, zigidir haihuwar uwarta. Farin dutse ce, amma masassaƙin bai rage komai ba, har ninkin naman cikinta. Venus ce, gunkiyar soyayya, aikin Rumawa na ƙarni na 2 da suka kwaikwayo daga na Girkawa, wai an rutsa ta tana wanka ta waiwayo tana kare jiki da hannu. Ita da take dutse ma tana neman sutura, ni ɗan mutum na kawo surukina gabanta.

Baba ya ce "A'uzubillahi" a hankali, ya sunkuyar da kai, ya laluɓo carbi a aljihu. Maman yara ta ce za ta kewaya, ban sake ganinta ba sai bayan awa guda. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Na hau zuba surutu kan sanyin gari, abin da ba wanda ya tambaye ni.

Da na san haka, da na je ni kaɗai jajibirin ranar na taka hanyar da ƙafata. Ba wai akwai wata ɓoyayyiyar ƙofa ba, don ɗaki na 18 ɗin ma da nasa tsiraicin, musamman a kusurwoyi biyu na ƙarshe. Amma da na faɗa masa tun a gida, "Baba, mutanen nan haka suke sassaƙa gumakansu, ba tufafi," ya zaɓa da kansa. Sannan da ban haɗa shi da 'yarsa a tafiya ɗaya ba. Wannan ta biyun ita ta fi ci min rai.

To, sai muka isa wurin dawakan, dattijo ya canja. Jerin sassaƙa ne da ya taɓa zagaye saman Parthenon, ɗakin bautar da mutanen Atina suka gina tsakanin shekarar 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsawonsa ya kai mita 160, kusan mita 75 na nan Landan. Baba ya mayar da carbi, ya gyara tabarau, ya matsa kamar zai shafa.

"Kai, yaran nan ba likkafa, ba sirdi. Da cinya suke riƙe doki."

Gaskiyarsa, Girkawan lokacin ba su san likkafa ba. Ya nuna min 'yan ramuka a gefen bakin wani doki da bayan kunnensa, ya ce nan linzami ya kamata ya zauna. Da na karanta bayanin sai na ga haka ne, linzamin tagulla aka maƙala a wurin, ya ɓace tuntuni. Ni da boko na sai da na karanta, shi da ido ya gano. Ya bi jerin daki-daki: mahaya sahu-sahu, wani na jan ragama dokinsa ya tashi gaba, can kuma ana jan shanu zuwa yanka, wata ta ɗaga kai ta turje. Ya ce, "Ashe su ma suna da hawan daushe."

A kusurwa akwai kan doki shi kaɗai, baki a sake, hanci a buɗe, ido ya firfito, jijiyoyin fuska sun tashi. Na tare masa ɗaya gefen da jikina, saboda ƙaton da ke kishingiɗe can ba wando. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan an kwana ana sukuwa da shi." A tatsuniyar Girkawa dokin keken gunkiyar wata ne, ya kwana yana jan wata a sama har asuba.

Ya tambaye ni yadda kayan suka zo nan. Na ce Lord Elgin, jakadan Birtaniya a Daular Usmaniyya, shi ya sa aka fara ɓamɓaro su daga 1801, gwamnati ta saye su fam 35,000 a 1816, Girka kuma har gobe tana neman abinta. Ya yi murmushi ya ce, "Kamar na Benin ke nan." Na ce ai kayan tagullar Benin ɗin ma suna nan ƙasa, ɗaki na 25. Ya ce ƙafarsa ta gaji.

Fita kuma dole ta gaban matar nan muka sake bi. Na yi gaba da sauri, shi yana kallon ƙasa kamar ya yar da kuɗi.

Har ya hau jirgi bai ambaci ɗaki na 23 ba, ni ma ban kuskura ba. Hoto ɗaya ya ce in tura masa ta WhatsApp, na kan dokin nan. Maman yara kuwa, duk ranar da na ce mu fita yawo, sai ta tambaye ni ko na je na duba hanya.