Laifin da ba ya shiga rajista

Na shiga sashen nazarin laifuka a jami'a ina zaton za a koya mini ɗaukar zanen yatsa da gane ɓarawo da kallo ɗaya. Zangon farko kuwa sai aka tula mana ƙididdiga da tarihin masana. Raina bai so ba.

Malaminmu ya fara da Cesare Lombroso, likitan nan na Italiya da ya ce a 1876 wai akwai waɗanda ake haifa da laifi a jini, har ana gane su ta muƙamuƙi da kunnuwa. Muka yi ta dariya. Sai da muka gama ya tambaye mu ko mu ba mu taɓa cewa wane fuskar ɓarayi gare shi ba. Ajin ya yi tsit. Daga baya muka zo kan Edwin Sutherland, wanda a 1939 ya jawo hankali ga laifin manya masu zaman ofis, irin wanda ake yi da biro, ba da wuƙa ba.

Amma inda na sha wuya shi ne binciken shekarar ƙarshe. Na tsara tambayoyi, ta farko ita ce: an taɓa aikata maka laifi? Kusan kowa ya ce a'a. Na koma wurin mai duba aikina kamar in yi kuka. Ta ja layi a kan tambayar da jan biro, ta ce in tambayi abu takamaimai: an ɗauke maka waya a bana? An tare ka a hanya? Nan fa bakuna suka buɗe. Wata mata ta riƙe ni kusan awa guda, kuma ko sau ɗaya ba ta kai ƙara ba, don wanda ya cuce ta ɗan'uwanta ne. Irin wannan giɓin ne ya sa Birtaniya ta fara tambayar jama'a kai tsaye tun 1982, maimakon dogaro da rajistar 'yan sanda kaɗai.

Yanzu ina zaman koyon aiki a wata kotu, kusa da teburin magatakarda. Yawancin yinina a jera fayil yake ƙarewa. Jiya na ɗauko na wani da ke jiran shari'a a tsare, an ɗage zamansa sau da yawa saboda shaida bai zo ba. Na rubuta lambar fayil ɗin a littafina, Litinin zan sake dubawa.