Sawun Takalmi a Kan Masai

Ranar wata Litinin ce, ko kwamfuta ban gama kunnawa ba, sai ga Hajiyar da ke riƙe mana asusu tsaye a kaina, ta tattare bakin zaninta a hannu. Gaisuwata ma ba ta amsa ba. Ta ce, "Tashi ka je ka gani da idonka. Ni dai na gama shiga banɗakin nan, gara na matse har na koma gida."

Na je na gani. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, ruwa ya kwanta har bakin ƙofa. Buta na yashe a gefe, bakinta cikin ruwan. Ba a kora masai ba. A kan farin mazaunin kuwa ga sawun takalmi guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, raɗau kamar an buga hatimi.

Mu goma sha biyu ne a ofishin, a hawa na biyu na wani bene a Kano, kuma banɗaki ɗaya muke rabawa maza da mata. Oga yana da nasa a cikin ofishinsa, saboda haka labarin yake ji kawai, hancinsa bai taɓa shaidawa ba. Ni ne jami'in gudanarwa, wato duk abin da kowa ya ƙi taɓawa teburina yake sauka, daga man janareta har rigimar kujera.

Kowa ya san mai yin abin, nan ne ma wahalar take. Dattijon da ke kula da sito ne, zan kira shi Malam kawai. Ya kusa sa'an mahaifina, gemunsa fari, rigarsa kullum a goge tana ƙamshin turare, kuma shi yake jan mu sallar azahar da la'asar. Da wane baki yaro kamata zai tari irin wannan mutum da maganar bayan gida? Sai aka koma gulma. Yana tashi ya nufi lungun banɗaki, sai ka ga ana ƙifta ido. Samarin ofis har suna suka laƙaba masa, wanda ba zan maimaita ba. Ni ma na yi dariya sau ɗaya ko biyu, ba zan wanke kaina ba.

Dabarata ta farko ita ce dabarar kowane malalacin jami'i: takarda. Na buga da manyan baƙaƙe, TSAFTA CIKON ADDINI, a ƙasa na jera dokoki biyar, na manna a bayan ƙofa. Na koma kujerata ina jin na yi aiki.

Jifa na yi a kasuwa. Washegari baiwar Allar da ke yi mana shara da wanke banɗaki ta same ni idonta jajir, ta ce in aikinta ne bai yi ba a faɗa mata a fuskarta, ba sai an rubuta ta a bango ba. Ita da take zuwa tun ƙarfe bakwai ta wanke wurin tas, kafin sha ɗaya ya koma yadda yake. Masinja ya daina shiga gaba ɗaya don kada a ce shi ne. Mutum ɗaya tak takardar ba ta taɓa ba. Malam ya tsaya a teburina ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Wannan rubutu ya yi kyau, yaran yanzu sai da tunatarwa." Na ce amin, na rasa inda zan sa fuskata.

A taron ma'aikata na yi hannunka mai sanda, kowa ya gyaɗa kai har da shi. Oga ya ce a sa kwaɗo, mai shiga ya karɓi makulli a wurina ya sa hannu a littafi. Kwana huɗu muka yi a haka na ajiye littafin. Ba ƙaramin wulaƙanci ba ne mace mai 'ya'ya ta zo gaban namiji tana neman makullin banɗaki, shi kuma yana rubuta lokaci.

Akwai ranar da haushi ya ɗebe ni, na naɗe hannun riga na ce yau ni zan wanke. Na tuttula Hypo a masai, na bi shi da Harpic don ya fi fita, na turo ƙofa. Kafin minti ɗaya idona ya fara zubar da ruwa, maƙogwarona kamar an watsa barkono, na fito ina tari kamar zan shiɗe. Daga baya na fahimci cewa ruwan bilic in ya haɗu da maganin wanke masai mai asid, iskar kulorin yake fitarwa, kuma a ɗaki rufaffe tana iya illata huhu. Mai shararmu ta daɗe da sanin haka, ba ta taɓa haɗa su ba. Ni mai takardar makaranta ne na kusa kai kaina asibiti.

Duk wannan a daminar 2021 ake yi, shekarar da amai da gudawa ya yi ɓarna sosai a ƙasar nan. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, na shekarar sun haura mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano, Bauchi da Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Kullum rediyo na maganar wanke hannu da sabulu. Kwalara dai ta hanyar bayan gida take bi ta koma baki, ko ta ruwa, ko abinci, ko hannun da ba a wanke ba. Mu kuwa a faranti ɗaya muke cin ɗanwake da rana, kuma butar da ke kwance a ƙasan banɗakin nan wasu da ita suke fitowa su yi alwala, su kurkure baki. Da na tsaya na haɗa waɗannan a kaina, maganar ta tashi daga ƙyanƙyami ta koma tsoro.

Wanda ya buɗe mini ido mai gyaran famfo ne. Mazaunin masai ya tsage karo na biyu cikin wata uku, na kira shi ya canza. Ya duba ya ce, "Oga, wani yana hawa kan abin nan ya tsuguna. Ku hana shi tun wuri. Tangaran ne, ba a yi shi don ya ɗauki nauyin mutum a kan tafin ƙafa ba. Ranar da ya fashe, yanka yake kamar kwalba." Sannan ya ɗaga murfin tankin da ke baya ya nuna mini: abin da ke tsayar da ruwa ya lalace, tankin ba ya cika, sai ka danna sau uku ba abin da ya sauko. Magudanar ƙasa kuma ta toshe da yashi da gashin mofa, shi ya sa ko kofi ɗaya aka zubar sai ya kwanta. Wata da watanni ina farautar mai laifi, ban taɓa ɗaga murfin nan ba. Rabin ƙazantar da muke ɗora wa mutum ɗaya, ginin ne yake yin ta.

Saura rabin, kuma shi ba mai gyaran famfo ne zai gyara shi ba.

Na fara zuwa wurin direbanmu, sa'an Malam ne, kuma abokin wasansa, shi Babarbare, Malam Bafulatani. Na ɗauka ta bakinsa maganar za ta fi sauƙin shiga. Ya girgiza kai. Ya ce, "In ni na faɗa, zai ɗauka tsokana ce ya rama mu yi dariya, shi ke nan ta wuce. In kuma ya gane da gaske nake, ya san magana ta zaga ofis ke nan. Kai ne mai alhakin wurin, kai za ka je. Amma kada ka je masa a matsayin shugaba. Ka je da tambaya, malami ba ya ƙin mai tambaya." Sai ya tuna mini da balaraben ƙauyen nan da ya yi fitsari a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sahabbai suka taso masa, aka ce su ƙyale shi ya gama, aka zuba guga na ruwa a wurin, sannan aka kira shi aka yi masa bayani cikin taushi.

Kwana biyu ina juya yadda zan fara. Ranar Alhamis bayan la'asar na jira kowa ya watse, Malam na kan tabarma yana jan carbi, na matsa na zauna ƙasa da shi.

Na ce, "Malam, wata mas'ala ce ta dame ni, na ce bari na kawo muku. Mai gyara ya ce ana hawa kan masan nan na sama, kuma ya ce in ya fashe zai iya yi wa mutum mummunan rauni. Ni kuma na san akwai masu gudun zama a kai saboda najasa. Yaya ya kamata a yi?"

Carbin ya tsaya. Ya daɗe yana kallon tabarma, ni kuma ina jin bugun zuciyata a kunne.

Ya ce, "Ɗana, ba sai ka kewaya ba. Ni ne."

Abin da ya biyo baya ban zata ba. Ya ce tunda yake bai taɓa zama a kan irin wannan masai ba. Mutum goma sha biyu na amfani da shi, wa ya san wanda ya ɗiga fitsari a kai? Ya kawo hadisin kaburbura biyu da ake yi wa ma'abotansu azaba, ɗaya saboda ba ya kiyaye fitsari, ɗaya saboda annamimanci. (Da ya ambaci na biyun sai da na sunkuyar da kai, don na san abin da muke yi a bayansa.) Ga gwiwa tana damunsa, tsugunon a sama da ƙyar yake yin sa, ga babbar riga ba inda zai rataye. In ya gama sai ya kwarara ruwa ko'ina, a ganinsa ya tsarkake wa na bayansa wurin ke nan. Ciwon suga kuma ya sa yana yawan zagayawa, sau da yawa a gaggauce. Batun kora ruwa kuwa, yakan danna abin ya ƙi, kuma nauyi yake ji ya ratsa gaban mata da bokiti a hannu, kowa ya san daga inda ya fito.

Wato mutumin da muka mayar ƙazamin ofis, tsananin gudun ƙazanta ne ya kai shi. Wannan bai sa ƙasan ta bushe ba, bai kuma sa Hajiya ta yi ƙarya ba. Wurin ya ƙazantu da gaske, an kuma cutar da mutane da gaske. Amma da na san dalilin sai na ga abin da zan gyara, wanda takardata ta dokoki biyar ba ta ko kusanci ba.

Sai ya jefo mini tambayar da nake tsoro: "Su Hajiya sun sani?" Na ce ba wanda ya taɓa kama sunansa a gabana. Ƙarya na yi. Har yau ina auna ta, wani lokaci na ga sutura ce, wani lokaci na ga tsoro ne kawai ya sa ni. Ina jin shi ma ya gane, don murmushi ya yi bai ƙara tambaya ba.

Washegari na shiga wurin Oga da lissafi, ban ambaci sunan kowa ba. Na ce, "Yallaɓai, gyara muke bukata." Akwai wani tsohon banɗaki a ƙasa kusa da ɗakin mai gadi, mai masan tsuguno, an mayar da shi ma'ajiyar tsofaffin tayoyi. Aka kwashe, aka gyara ƙofa, aka ja masa famfo, aka kafa ƙarfen dafawa a bango saboda masu ciwon gwiwa. Na sama aka gyara tanki da magudana. Kowanne aka sa masa durom mai murfi da ƙaramin bokiti a ciki, don ranar da ba wuta ruwa bai hau ba kada wani ya fito neman ruwa a idon jama'a. Aka kafa ƙusa biyu, ɗaya ta riga ɗaya ta buta. Aka sa silifas na shiga, da sabulun ruwa maimakon guntun sabulun da ke narkewa a ƙasa. Butocin alwala aka sayo su kala daban, aka ce ba sa ƙetare ƙofar banɗaki. Duka kuɗin bai kai abin da muke ƙonawa a janareta cikin mako biyu ba. Da na sanar, cewa na yi an buɗe na ƙasa don rage layi, mai son na zama ga shi, mai son na tsuguno ga shi. Mutum biyar suka koma na ƙasa, abin da ya nuna mini ba Malam kaɗai ke ƙyamar zaman ba, shi ne dai sawunsa ya fito.

Wani abin kunya kuma, bayan Malam ya daina hawa sama, ba a daina samun masai ba a kora ba jefi-jefi. Ashe cikin samarin da ke ƙifta ido akwai masu fakewa da shi. Ɗaya na kama shi da kaina, sa'ana ne, don haka ban nemi wata mas'ala ba, na ja shi gefe na ce, "Abokina, koma ka kora." Ya koma. Ni ma mai shara ta taɓa tare ni ta ce jiya ni na bar buta ba ruwa. Laifi tudu ne, na karɓa na ba ta haƙuri, na haɗa da haƙurin takardar da ta sa ta kuka, wadda na ɓalle da hannuna na yaga.

Tsakanina da Malam kuwa sai da aka yi kusan mako uku gaisuwa ba ta wuce "lafiya lau" ba. Ya daina tsayawa a teburina. Na sa a raina na rasa shi ke nan, kuma ban ga laifinsa ba, ba dattijon da zai so yaro ya san wannan sirri nasa. Ranar wata Juma'a muna shirin tafiya masallaci, ya biyo ta gabana ya ajiye ƙullin dabino a kan fayil ɗina, bai dube ni ba. Ya ce, "Ƙarfen nan da aka kafa a ƙasa ya ɗan yi tsawo. In mai gyaran ya dawo, a sauke shi kamar taƙi ɗaya."

Na ce, "To, Malam, gobe in sha Allahu." Na ɗauki waya na kira mai gyaran tun kafin mu sauka daga bene.