Talata, aikin gidan Auta

Wuta ta ɗauke tun asuba, kayan guga na nan jibge. Aboabo ke nan, unguwarmu a Ghana.

Auta ce ta dagula mini yini, ba da gangan ba. Malaminsu ya ce su kwatanta itatuwa biyu masu fure. Ta zaɓi ɗorawa don Goggo na daka daddawa a gabanta, ni kuma da iyayina na ce ta haɗa da madobiya. Ai 'yan gida ɗaya ne, dangin wake da gyaɗa, Fabaceae a boko. Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki, wai itacen da ya fi soro tsawo ne ɗan'uwan wake? Na ce ta dubi kwanson ɗorawa ta faɗa mini. Dajinsu ma ɗaya, can arewa, wajen Tamale da Wa da Bolga. Da rani suke fure: na ɗorawa ja ne, dunƙule yana reto, jemagu ke zuwa masa da dare, na madobiya rawaya, bayan ta kaɗe ganye.

Sai muka zo kan halin da suke ciki. Ɗorawa, IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta ce babu fargaba. Manomi ko sharar gona yake yakan bar ta tsaye, kalwa kuɗin mata ce. Madobiya kuwa tun 2018 tana jerin masu fuskantar ƙarewa, kuma tun 2017 CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta hana ƙetarewa da ita sai da takarda. Jan katakonta ake so a Sin, na kujerun alfarma. Ina ta zuba, har na ce masu saran nan ba su da imani.

Kawu na kan tabarma, na ɗauka barci yake.

"Auta, rubuta Kawu ma ya ɗauko ta." Shekara uku, in ji shi, yana jan gungume daga arewa, ya ratso Techiman da Kumasi, sai Tema. Ya nuna sama da carbinsa. "Kwanon rufin nan, da me kuke zaton an saye shi?"

Ban sani ba wallahi. Ƙarƙashin kwanon nan na yi karatun da nake taƙama da shi.

Auta ta dube ni, biro a hannu: "Yaya, in rubuta?" Na ce ta rubuta abin da ke littafi.

Miyar kuka ta ji daddawa, Kawu loma uku ya yi ya wanke hannu. Wuta ta dawo ƙarfe tara. Ban yi gugar ba.