Gilashin da ya yi mini komai ban da kiɗan jita

Duk makaɗin jita da ya haura shekara 40, ko ya faɗa ko ya ɓoye, ya san ranar da ɗigon nan na gefen wuyan jita, masu nuna masa inda zai ɗora yatsa, suka fara yi masa dishi-dishi. Nawa ya soma ne da takardar jerin waƙoƙi da nake mannawa a jikin lasifika, sannan ya kai ga ƙaramar na'urar saita tsirkiya da nake maƙalawa a kan jita, har ta kai ba na bambance harafin da take nunawa sai na ɗago jitar zuwa fuskata. Ina kaɗa jita ne a wata ƙaramar ƙungiya a Birnin Kebbi, kuma aikinmu bikin aure ne da dina da taron suna, daga Argungu zuwa Jega, wani lokaci har Yawuri da Kamba. Kusan duk wasanninmu na dare ne, kuma dare shi ne lokacin da ido mai shekaru yake tona asirin mai shi.

Kamar kowa, na fara da gilashin karatu na kan tebur a kasuwa, mai lamba +2.00. Ya gyara mini karatun waya, amma a kan dandamali bai yi rana ba, domin an yi shi ne don abin da ke kusa da fuska, wajen santimita 40 zuwa 50, duk abin da ya wuce nan kuwa hazo ne. Sai na tafi asibiti aka yi mini gwaji na sosai. Likitan ya ce ba cuta ba ce, tsufan ƙwayar ido ne: madubin da ke cikin ido yana taurara da shekaru, ya daina lanƙwasuwa yadda zai kamo abin da ke kusa, kuma lamarin yakan ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen shekara 60. Ya kuma sami 'yar matsala a ganina na nesa, ya rubuta mini lambobi a takarda, na fita da ita zuwa wani shagon yanka gilashi.

A wannan shagon ne aka sayar mini da abin da har yau nake jin zafin kuɗinsa. Yaron shagon ya ɗauko wani gilashi marar layi a tsakiya, irin wanda suke kira furogiresib, wanda kuma yake yin duhu da kansa idan an shiga rana, ya ce: "Baba, wannan shi ne ƙarshen gilashi. Da shi za ka yi tuƙi, da shi za ka yi karatu, ba ka buƙatar wani." Kuɗinsa ya kusa kai na ƙaramar lasifika sabuwa. An auna tazarar idanuna, an sa mini alama da biro a kan gilashin gwaji, an yi mini bayanin garanti, amma babu wanda ya tambaye ni sana'ar da nake yi, balle ya tambayi inda nake kallo idan ina aiki.

Gaskiya ita ce gilashin bai yi ƙarya ba a sauran rayuwa. Da shi nake hawa babur, da shi nake karanta saƙo, da shi nake gane mutum daga nesa a masallacin Juma'a. Ko a wurin bita, inda nake zaune a kan benci da jitar a cinyata cikin hasken la'asar, ban ga wani aibu ba. Shi ya sa abin da ya faru a wata dina ya zo mini babu zato.

An zo shigowar amarya, an kashe fitilun zauren an bar masu launi suna juyawa, mai ɗaukar bidiyo ya kunna farar fitilarsa yana tafe da baya a gaban ango da amarya. A wannan gaɓar mai fiyano yakan sassauta, a bar ni ni kaɗai in ja wani ɗan kiɗa da ke tashi daga gida na 5 ya dira a gida na 12 (gida shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita), ina kuma yin amshi a makirufo a lokaci guda. Na saci kallon wuyan jitar ta gefen ido kamar yadda na saba shekara da shekaru, sai na ga ƙarafan sun karkace, ɗigo biyun nan na gida na 12 sun narke sun zama tabo guda, kuma da na ɗan motsa kai sai wuyan gaba ɗaya ya yi kamar yana lilo. Na dira a gida na 13. Na gyara, na zarce baya zuwa na 11. Sautin ya fita tsaf ta manyan lasifikoki, a daidai lokacin da zauren ya yi tsit ana kallon amarya. Mai fiyano, Allah ya saka masa, ya danne wurin da ƙarfi ya rufe ni, sannan ya leƙo ya ce: "Maigida, lahiya dai?" Na gyaɗa kai kawai. Da aka tashi, ƙafata ta kuskure matakalar dandamali, saura kaɗan in kife da jitar a hannu, domin ƙasan gilashin na karatu ne, duk abin da ke wajen ƙafa ba ya fitowa sosai.

Wanda bai riƙe jita ba zai ɗauka kuskuren gida ɗaya ƙaramin abu ne. Mu mun san shi ne mafi muni, gara ka kauce da gida biyu, ko banza wataƙila ka faɗa kan sautin da ke cikin waƙar. Kuma gidajen suna tsukewa ne yayin da kake hawa: a jitar lantarki da tsawon tsirkiyarta ya kai santimita 65, gida na farko ya wuce santimita 3 da rabi, amma na 12 bai cika santimita 2 ba. Hannun da ya taho da gudu daga ƙasa yana neman wuri mai faɗin yatsa guda, ga ido yana ba shi labarin ƙarya, ba shi da yadda zai yi.

Sai daga baya na fahimci yadda aka gina wannan gilashin, kuma da an yi mini bayanin a shago cikin minti biyu da ban hau dandamali da shi ba. Samansa na ganin nesa ne, ƙasansa na karatu, tsakaninsu kuwa akwai wata siririyar hanya da ƙarfin yake ƙaruwa a hankali, ita ce ta ganin abin da ke matsakaiciyar tazara. Hagu da dama na wannan hanyar duk wurin karkata ne, kuma ba laifin mai yanka ba ne, haka ƙirar take. Kamar kunyar da ke raba fangalin shinkafa a fadama ce, muddin kana bisanta kana tafiya lafiya, taku ɗaya gefe ka shiga ruwa. To, makaɗin da ke kaɗawa da dama yana kallon wuyan jitarsa ne ƙasa ta hagu, wato daidai kusurwar da ta fi kowace lalacewa. Masu sayarwa za su ce ka juya kanka, ka nuna abin da kake kallo da hancinka. Wannan shawara ce ga mai zama a ofis. Wanda bakinsa ke kan makirufo, idan ya juya kai muryarsa ta ɓace, idan bai juya ba hannunsa ya ɓace.

Dare yana ƙara dagula lissafin. A cikin duhu baƙin ido yana buɗewa, kuma idan ya buɗe, tazarar da ido ke iya gani tas tana raguwa, shi ya sa abin da ya wuce lafiya a bitar la'asar ya tarwatse a zauren dina. Shuɗiyar fitila kuma ido ba ya kamo ta a inda yake kamo ja, saboda haka idan masu fitilu suka juya zuwa shuɗi, ɗigon wuyan jita su ne farkon abin da ke ɓacewa. Idan aka haɗa da fitilar mai bidiyo, wadda idon mai shekara 50 yake daɗewa kafin ya farfaɗo daga haskenta, za a ga cewa ba a bar wa mutum komai ba.

Maganin ya zo da arha har ya ba ni haushi. Na rataya jitar a kafaɗa na koma wurin gwajin ido, mutanen da ke layi suna kallona suna murmushi. Wata ma'aikaciya ta sa na tsaya yadda nake tsayawa a dandamali, ta ɗauko tef na tela ta auna daga idona zuwa tsakiyar wuyan jitar, sannan zuwa inda takardar waƙoƙi take zama. Na farko ya kama wajen santimita 60, na biyun ya kusa 90. Ta yi ta sauya gilasan gwaji ina kama gidaje, har muka tsaya a ƙarin +1.25 a kan lambata ta nesa, alhali ƙarin karatuna +2.00 ne. Ta ce: "Malam, gilashi mai ƙarfi ɗaya za a yanka maka, daga gefe zuwa gefe duk abu guda, kuma ka zaɓi firem mai faɗi da ke sauka ƙasa, kada ka riƙa leƙa jitar ta ƙarƙashinsa." Wannan gilashin bai kai rabin kuɗin wancan ba. Duk inda na juya ido a cikinsa ƙarafan a miƙe suke. Lambar ba doka ba ce ga kowa, ta danganta da shekarun mutum da tsayinsa da yadda yake sassauta igiyar jitarsa, wanda ke rataye ta har cinya ba zai yi lamba ɗaya da wanda ke ɗaure ta a ƙirji ba. Abin da ba ya canzawa shi ne a je da jitar, a auna a tsaye.

Abu ɗaya da na yarda a ƙara mini kuɗi a kansa shi ne rufin hana ƙyalli, domin ba tare da shi ba fitilun da ke bayan dandamali suna bugun cikin gilashin su dawo ido. Shi kuwa yin duhu a rana, wanda aka caje ni a kansa a wancan mai tsadar, da dare ba shi da aikin yi, da rana kuma cikas ne. A wani wasan rana da muka yi a Argungu cikin hunturu, na tsaya a fili ana gaisawa gilashin ya yi baƙi ƙirin, na shiga ƙarƙashin rumfa aka ce a fara, shi kuwa bai washe ba sai bayan mintoci, kuma sanyi yana sa shi ƙara duhu da jinkirin washewa.

Sauran ƙananan dabaru ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura maki 40, gumi yana zamar da gilashi zuwa kan hanci, hannuwa biyu kuma duk suna aiki, saboda haka igiyar roba da ke riƙe shi ta ƙeya wajibi ce. Ƙurar hunturu kuma idan aka goge ta a bushe da bakin riga tana karce rufin, sai an zuba ruwa tukuna. Na ɗiga farin jan farce a gefen wuyan jitar a gida na 5 da na 7 da na 12, na ƙara musu girma. Jerin waƙoƙi yanzu da babban alƙalamin maka nake rubuta shi, layi shida a shafi.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani, ko da yake ya fi su cin lokaci, shi ne rage dogaro da ido. Makaɗan molo da gurmi da muke haɗuwa da su a wuraren biki babu ƙarfe ko ɗaya a wuyan kayan kiɗansu, babu ɗigo, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya sunkuya yana neman wuri ba, idonsa yana kan mutanen da yake wa waƙa. Yanzu idan an ɗauke wuta ba na ajiye jita, a duhun nake maimaita tsallen nan daga gida na 5 zuwa na 12, kuma na sauya yadda nake yin sa: maimakon in ɗaga hannu in dira, sai in bar yatsan yana jan tsirkiya, kunne ya gaya mini inda zan tsaya. Ko da na kauce, sai a ji kamar salo ne.

Ina ganin abokan sana'a da dama sun tsaya a gilashin kan tebur, duk shekara su ƙara lamba, ba su taɓa zama gaban likita ba. Wannan yana damuna, domin mai tebur ba ya auna hawan jinin ido, ciwon da ke cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido, shi ne na biyu wajen makantar da 'yan shekara 40 zuwa sama. Makaɗin da ya fara rasa ganin gefe zai iya ɗora laifin a kan fitilu ko gilashi ya yi shekaru yana haƙuri. Nawa an auna an ce lafiya, amma an ce in riƙa komawa.

Gilashin dandamalin yana da nasa haraji, kuma ban sami hanyar kauce masa ba. Duk abin da ya wuce 'yan takuna daga inda nake tsaye yana laushi, fuskoki ba sa fitowa. A sana'armu wannan ba wasa ba ne, domin idan babban baƙo ya shigo ko ƙanwar uwar amarya ta taso yin liƙi, dole a ambace su da sunansu da sarautarsu, wanda aka tsallake kuwa ba ya mantawa. An ba ni shawarar mai hawa biyu, samansa na nesa ƙasansa na jita, amma layin da ke tsakiya yana yanke mini wuyan jitar duk lokacin da na ɗaga kai zuwa makirufo, ban jure shi ba. Yanzu ɗaya daga cikin yaran amshi ne yake tsayawa a damata, idan ya hango wanda ya kamata a kira sai ya matso ya raɗa mini, kuma na ƙara masa wani abu a kasonsa na liƙi saboda wannan aikin.